Littafin aikin yogot mai folet a Aboabo, Kumasi

14 Oktoba 2024

Yau muka fara. Abin da muke son gani shi ne ko za a iya ƙara yawan folet, wato bitamin B9, a cikin yogot ɗin da Goggo take haɗa burkina da shi, wato abin shan nan na gero da yogot, ba tare da an zuba wani magani a ciki ba. Hanyar ita ce zaɓen ƙwayoyin bakteriyar da ke sa madara ta yi tsami. Wasunsu suna ƙera folet su bar shi cikin madarar, wasunsu kuma cinye wanda suka tarar suke yi. Zan riƙa rubuta yadda abin yake tafiya domin duk mai wannan sana'a a Asawase, Sabon Zango ko Tafo ta ɗauka ta gwada a nata bokitin.

Ga abin da ya sa na kama folet na bar sauran bitamin. Lakar jariri da ƙwaƙwalwarsa suna farawa ne daga wani ɗan bututu da ke rufewa wajen kwana 28 bayan shigar ciki. A lokacin, abin da mace ta gani kawai shi ne al'adarta ta yi jinkirin mako biyu, wata ma ba ta lura ba. Idan folet ya yi ƙaranci a jikinta a waɗannan makonni, bututun yana iya ƙin rufewa, a haifi yaro da buɗaɗɗen gadon baya, ko a haife shi ƙoƙon kansa bai haɗu ba, wanda shi ba ya rayuwa. A zangonmu kuwa, amarya mai cikin fari kunya ba ta barinta ta faɗa wa kowa, awo sai ciki ya kai wata huɗu ko biyar. Ƙwayar da za a ba ta a asibiti tana da amfani sosai ga jininta, amma ga wannan bututu ta zo a makare.

Maganar ba sabuwa ba ce. A 1931 wata likita 'yar Ingila, Lucy Wills, tana aiki a Bombay ta ƙasar Indiya, ta gano cewa wani abu da ke cikin yisti yana warkar da ƙarancin jinin da ke kama mata masu ciki, kuma shi ne daga baya aka gane folet ne. A 1991 wani babban bincike na Majalisar Binciken Lafiya ta Birtaniya ya nuna folik asid, wato folet na ƙwayar magani, ya rage maimaituwar wannan nakasa da kusan kashi 72 cikin 100 a wajen matan da abin ya taɓa samunsu. Daga 1992 hukumomin lafiya na Amurka suka shawarci duk macen da za ta iya ɗaukar ciki ta riƙa shan maikirogiram 400 kullum. A nan Ghana, binciken ƙasa na 2017 kan ƙananan sinadaran abinci ya samu fiye da rabin matan da ke shekarun haihuwa suna da ƙarancin folet. Tun da na karanta wannan hankalina bai kwanta ba.

22 Oktoba 2024

Kafin in canza komai, sai da na zauna na kalli yadda Goggo take yi. Madarar gari take sarowa daga kasuwar Kejetia, kamar yawancin masu yogot a garin nan. Tana damawa da ruwan zafi, ta bari ya huce har ɗan yatsanta ya iya jurewa, ta zuba iri daga yogot ɗin jiya, ta rufe bokiti ta naɗe shi da bargo ya kwana. Da asuba ya kama, ya yi tsami ƙwarai. Na auna shi da ma'aunin tsami, ya sauka kusa da pH 4, kuma a wannan ma'auni iya saukar lamba iya yawan tsami.

Yogot na asali aikin bakteriya biyu ne, Streptococcus thermophilus da Lactobacillus bulgaricus. Na farkon shi ke fara tashi. Yana cin sukarin madara, yana fitar da tsami, kuma a hanya yana sakin wasu sinadarai da ɗan'uwansa yake buƙata, folet na cikinsu. Na biyun shi ke da ƙarfin farfasa furotin ɗin madara, yana samar wa na farkon abinci, shi ne kuma ke kawo yawancin ƙamshin nan da muka sani na yogot. Idan tsami ya kai pH 4.6 furotin ɗin ya dunƙule, yogot ya kama. Daga nan Streptococcus yana ja da baya, bulgaricus kuwa tsami bai dame shi ba, sai ya ci gaba da hayayyafa yana cin folet ɗin da aka tara. Wato bokitin da ya kwana cikin bargo har asuba ya ba mai cin folet sa'o'i masu yawa shi kaɗai a fili.

Saboda haka tun kafin a zo ga sabon iri, akwai abin da za a gyara ba da ko sisi ba: a tsayar da tsamin da wuri. Na ce mu dafa madarar ta kai digiri 85 zuwa 90 na ɗan lokaci, mu huce ta zuwa 43, mu sa iri, da zarar ta kama, tsakanin awa 4 zuwa 6, mu kai ta firij.

3 Nuwamba 2024

Goggo ta ɗanɗana wanda aka tsayar da wuri, ta ajiye cokali.

"Ke 'yar nan, wannan ai kindirmon yara ne. Masu sayen burkinata tsami suke nema. Idan na ba direbobin tiro-tiro wannan, gobe wajen wata za su."

"Goggo, a bar musu nasu mai tsamin. Wannan na 'yan mata ne da amare."

"To su 'yan matan an ce miki ba su da harshe ne?"

Gaskiyarta ce, kuma na rubuta ta a matsayin sharaɗi na farko na aikin nan: abin da mutane ba za su saya da kuɗinsu su sha da marmari ba, ko folet nawa ke cikinsa bai amfani kowa ba. Mun tsaya a kan za ta ci gaba da nata bokitin yadda ta saba, ni kuma in yi nawa ƙananan a gefe, duk wanda ya fito sai ta ɗanɗana ta yanke hukunci. Ta kuma lura da wani abu da ya yi mata daɗi: madarar da aka dafa sosai yogot ɗinta ya fi kauri, ba ya tsinkewa ya tara ruwa a sama. Wannan daga furotin ɗin ruwan madara ne da zafi ya warware, ya shiga cikin dunƙulen.

19 Nuwamba 2024

Busasshen irin da na yi oda ya iso cikin 'yan ƙunshi, na ajiye a firiza. Yanzu layi huɗu muke da su, kuma da launin murfin kwalba muke bambanta su don kada yaran gida su haɗa. Jan murfi na Goggo ne. Shuɗi sabon iri ne na bakteriya biyun nan na asali. Fari shi ne Streptococcus tare da wata bakteriya da ake kira Bifidobacterium, babu bulgaricus. Kore kuma nono ne na wata Bafulatana da ke kawo wa maƙwabta, wanda yisti da bakteriya iri-iri ke tsamar da shi.

Farin murfi shi na fi sa wa ido. A 2003 wasu masana a Ostireliya sun gwada bakteriya masu yawa a madarar da aka cire wa mai. Folet ɗinta kafin tsami nanogiram 11.5 ne a kowane giram, wato maikirogiram 11.5 a kilo. Streptococcus shi kaɗai ya kai shi tsakanin 40 da 50, da aka haɗa shi da Bifidobacterium animalis kuma ya ninka sau shida. Yawancin dangin Lactobacillus da suka gwada rage shi suka yi.

Amma sunan jinsi kaɗai ba ya wadatarwa. A cikin jinsi ɗaya akwai zuri'o'i, wata tana ƙera folet da yawa, wata kaɗan, wata babu. Masana a Tukuman ta ƙasar Ajantina ma sun samo zuri'ar bulgaricus da ke ƙera folet daga yogot na gargajiyar yankinsu, saɓanin halin yawancin danginta. Don haka rubutun da ke jikin ƙunshi ba zai gaya mini abin da ke cikin kwalbata ba, sai an auna. Haka kalmar firobayotik da ake bugawa jikin kwalabe a kantuna. Ma'anar da Hukumar Abinci da Noma da Hukumar Lafiya ta Duniya suka ba ta a 2001 ita ce ƙwayoyi masu rai waɗanda idan an sha su da isasshen yawa suna amfanar lafiya. Babu maganar folet a ciki ko kaɗan.

9 Disamba 2024

Mun gwada ɗanyar madarar shanu, muka dafa ta kamar kullum, muka sa iri. Har dare ba ta kama ba, a duk layukan. Irin lafiyarsa ƙalau, domin na madarar gari da aka sa a lokaci ɗaya ya kama. Da aka bi diddigi, ashe an yi wa wasu shanun allura cikin makon, aka ci gaba da tatsarsu. Streptococcus ba ya jure ragowar maganin kashe ƙwayoyin cuta a madara, musamman fanisilin, ko ɗan kaɗan ne. Dafuwa kuma ba ta kawar da shi gaba ɗaya. Ba ƙeta ba ce daga mai madarar, ba wanda ya taɓa gaya mata akwai kwanakin da ake jira bayan allura kafin a sayar. Mun yi magana, ta ce za ta riƙa ware ta.

Wannan ya tuna mini da yadda bakteriya ke ƙera folet tun farko. Guntaye uku take haɗawa, na tsakiyar wani sinadari ne da ake kira PABA. Magungunan dangin salfa kama suke yi da shi, sai bakteriya ta ɗauka shi ne, ƙirar ta tsaya, ita ma ta daina hayayyafa. Mu mutane ba ma ƙera folet, daga abinci muke samu, shi ya sa maganin ke kama ƙwayar cuta ya bar mu. Ƙwayar SP da ake ba masu ciki a wajen awo don kariya daga zazzaɓin cizon sauro ita ma ta wannan hanya take aiki. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a haɗa ta da folik asid mai ƙarfin miligiram 5 a rana, amma na maikirogiram 400 babu laifi. Abin da ke cikin yogot bai kai ko kusa da inda zai taɓa aikin SP ba.

An nuna cewa ƙara PABA a madara yana sa wasu zuri'o'i su ƙara ƙira. Ba zan zuba shi cikin abin da Goggo ke sayarwa ba sai da amincewar Hukumar Abinci da Magunguna, saboda haka na ajiye wannan hanya.

11 Janairu 2025

Hunturu ya sauka, dare yana sanyi. Farin murfi ya fi kowa jin jiki, domin ba shi da mai farfasa masa furotin, dama tafiyarsa a hankali ce, idan zafi ya sauka ƙasa da 40 kuma sai ya ƙara ja. Akwatin da wani maƙeri a Suame ya haɗa mana mai ƙwan lantarki a ciki yana riƙe zafi da kyau, amma ranar da aka ɗauke wuta ba shi da amfani. Abin da ya fi aiki shi ne babbar kula, a jera kwalaben ruwan zafi kewaye da bokitin a rufe. Kowace mai burkina tana da kula, don haka a kanta za mu tsaya.

Bifidobacterium ba ya son iska. Mun daina kaɗa madara da ƙarfi bayan sa iri, muna cika bokiti har kusa da baki.

Hukuncin Goggo kan farin murfi: yana da taushi, yana da ɗan gardi, amma ƙamshinsa bai kai nata ba. Da aka zuba masa gero da sukari, ta ce zai shiga kasuwa.

27 Janairu 2025

Na kai samfura ɗakin gwaji, wajen wata da muka yi karatun kimiyyar abinci tare. Haske da iska da zafi duk suna lalata folet, don haka a kwalabe masu duhu na zuba, na daskarar, na kai cikin kula da ƙanƙara. Har da madarar da ba a sa wa iri ba, domin da ita za a gwada sauran.

Yadda ake awon yana burge ni har yanzu. Ana amfani da wata bakteriya ce, Lactobacillus rhamnosus, zuri'ar da ake kira ATCC 7469, wadda ba ta iya ƙera folet kuma ba ta girma sai da shi. Ana ba ta abincin da ke da komai ban da folet, sai a ɗiga ruwan samfur. Iya folet ɗin da ke ciki, iya yadda za ta yawaita ta gurɓata ruwan, sai a auna gurɓacewar a gwada da kwalaben da aka san adadin folet ɗinsu. Kafin nan sai an sa sinadaran da ke narkar da furotin da sitaci su saki folet ɗin da ya maƙale, da wani na uku da ke yanke doguwar jelar da folet na halitta yake da ita, a kuma zuba bitamin C don kare shi daga iska. Aiki ne na kwanaki, kayansa kuma da tsada, shi ya sa ba za mu iya auna kowane bokiti ba.

A lura: jinsin rhamnosus yana cikin firobayotik da aka fi sani a duniya, yana da amfaninsa ga hanji, amma ga namu aikin mai cin folet ne.

18 Fabrairu 2025

Sakamako ya fito. Ba zan sa lambobinmu a nan ba sai an maimaita awon, domin awo ɗaya ba ya zama hujja, amma jerin a fili yake. Farin murfi ne a gaba da tazara mai yawa. Shuɗi wanda aka tsayar da wuri yana bi masa. Na Goggo da ya kwana cikin bargo kaɗan ya fi madarar da ba a tsamar ba. Nonon Bafulatana ya fi na Goggo, kuma ina ganin yistin da ke cikinsa ne, domin yisti gwanin ƙera folet ne. Sai dai nono na yau ba ɗaya yake da na gobe ba, ba za a gina alkawari a kansa ba.

Na yi murna ƙwarai. Daga baya na ɗauki biro na yi lissafin da dole a yi shi. A ɗauki mafi kyawun sakamakon masanan Ostireliya, wajen maikirogiram 72 a kilo ɗaya. Kwalbar burkina mai giram 300 na yogot za ta ba da kusan 22. Idan aka ɗauki mafi yawan abin da ake ambata a yogot, maikirogiram 200 a lita, kwalbar za ta ba da 60. Babban mutum yana buƙatar 400 a rana, mai ciki 600, mai shayarwa 500. Ƙwayar asibiti kuma jiki ya fi tsotse ta a kan folet na abinci. Ga waken da muke ci kullum a waakye: rabin kofi na dafaffen wake yana da kusan maikirogiram 105. Wato kwanon shinkafa da wake na safe ya fi kwalbar yogot ɗin da na kwashe watanni ina gyarawa. Haka alayyahu da sauran ganyen miya, idan ba a dafa su sun mutu ba kuma ba a zubar da ruwansu ba, domin folet ruwa yake bi.

To me ya sa zan ci gaba? Saboda na san wanda ke shan burkina. 'Yan matan makaranta ne da aka taso, masu koyon ɗinki da kitso, amaren da laulayi ya hana su kallon miya amma abu mai sanyi yana zama musu. Su ne daidai waɗanda ba su kai ga awo ba, kuma ba wanda zai sa su haɗiyi ƙwaya kullum don cikin da ba su yi ba tukuna. Suna shan wannan kwalba ko na taɓa ta ko ban taɓa ta ba. Idan da kuɗi ɗaya da madara ɗaya za a ninka abin da ke cikinta, barin ta yadda take asara ce. Madara kuma tana zuwa da bitamin B12, wanda folet ba ya aikinsa a jini sai da shi, wake kuwa ba shi da shi. Da babu gara ba daɗi, amma wajibi ne in faɗi girman abin yadda yake: ƙari ne a kan abinci, ba ya maye gurbin ƙwaya.

12 Maris 2025

Azumi. Burkina ba ta kwana, daga la'asar layi yake kamawa har a kira magariba. Goggo ta yarda ta sa farin murfi a kasuwa, kuma yana ƙarewa. Masu buɗa-baki sun fi son marar tsami sosai, cikin da ya wuni babu komai ya fi karɓarsa.

Yawan cinikin ya fito da matsala biyu. Ta farko, busasshen iri ba ya isa, sai ta koma ɗibar na jiya tana sa wa na yau yadda ta saba. Bayan 'yan kwanaki ɗanɗanon ya fara komawa na da. Bifidobacterium ba ya jure tsami da iska, kowane juyi raguwa yake yi, bakteriyar da ke jikin ludayi da bokiti kuma suna shigowa. Na ware samfura daga juyi daban-daban don awo na gaba.

Ta biyu, kwalaben roba garai-garai da ake jerawa a tebur rana tana dukansu. Madara tana da bitamin B2, shi kuma idan haske ya same shi yana taimakawa wajen lalata folet. Na roƙi yarinyar da ke zama a tebur ta bar kwalba ɗaya ta talla a waje, sauran su zauna cikin kula a rufe.

5 Afrilu 2025

An yi Sallah lafiya. Ba mu yi gwaji ba tun goman ƙarshe. An wanke bokitai da ludaya da tafasasshen ruwa, na farin murfi an ware masa nasa, ba ya haɗuwa da na kowa.

23 Afrilu 2025

Ɗan Goggo ya zo da zanen takardar da za a manna jikin kwalba. Ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa wannan yogot ne na masu ciki, yana hana nakasa. Na ce ba za a buga ba.

"Yaya, ai talla ce. Kowa haka yake yi."

"Ƙanena, idan mace ɗaya ta karanta wannan ta ajiye ƙwayarta, alhakin ɗanta yana wuyanmu."

Na kai maganar wajen wata ungozoma da ke zaune a layinmu, Hajiya ce babba da ta karɓi haihuwar rabin unguwa. Ta ce abin da ya fi ba ta wahala a wajen awo shi ne matan da ke karɓar ƙwayar ƙarin jini su jefa ƙarƙashin katifa, saboda tana sa musu tashin zuciya ko don an ce tana sa jariri ya yi ƙato. Irin waɗannan uzuri kawai suke nema. Ta tuna mini cewa tun 2017 akwai shirin GIFTS da ke ba 'yan matan makaranta ƙwayar ayon, wato sinadarin ƙarfe, da folik asid sau ɗaya a mako, kuma doka ta sa masu niƙa alkama a ƙasar nan su ƙara folik asid a fulawa. Ta ce, "'Yata, ki sa naki ya zama na uku a bayansu, kada ya yi gasa da su."

Akwai kuma maganar suna. A ƙa'idar Codex ta 2003, wato kundin ƙa'idojin abinci na duniya, abin da ake kira yogot kai tsaye sai yana da bakteriya biyun nan na asali, masu rai aƙalla miliyan 10 a giram, duk wata da aka ambata a jikin kwalba kuma aƙalla miliyan 1. Farin murfinmu ba shi da bulgaricus, don haka sunansa madara mai tsami. Abin da za a rubuta: burkina, kayan da ke ciki, ranar yi, a ajiye a sanyi. Maganar folet sai an maimaita awo an kuma kai takardu Hukumar Abinci da Magunguna.

17 Mayu 2025

Awo na biyu ya dawo, jerin bai canza ba, farin murfi ne a gaba. Samfuran azumi sun tabbatar da abin da harshe ya faɗa: juyi na farko daga busasshen iri yana riƙe yawancin folet ɗinsa, daga nan sai gangara. Wanda ya yi mako a firij cikin duhu bai yi asara mai yawa ba. Wanda ya wuni a rana ya yi.

Saboda haka tsarin iri za mu ɗauka daga abin da gidauniyar Yoba take yi da masu yogot a Yuganda, duk da cewa tasu bakteriyar daban ce: ƙunshin giram 1 a tayar da shi a lita ɗaya ta madara, wannan litar ita ce uwar iri da za a sa wa manyan bokitai. Zan riƙa yin uwar irin ranar Lahadi, in raba a ƙananan kwalabe masu duhu, kowace ta yini ɗaya, ba a ɗiba daga bokiti a mayar. Mata biyu a Asawase sun ce a sa da su idan kuɗin kwalbar bai wuce abin da suke sayen yogot na kanti don iri ba, kuma lissafina ya nuna bai wuce ba.

Mun kuma fara taɓa geron. An tabbatar a alkama da wani hatsi da ake kira rye cewa tsiro yana ƙara folet sosai, don haka muka jiƙa gero muka bar shi ya tsira kafin a niƙa. Garinsa ya ƙi dunƙulewa yadda Goggo take so, ƙwayoyin suna narkewa cikin yogot, domin tsiro yana tayar da sinadarin da ke narkar da sitaci. Gobe za mu gwada kashi ɗaya na mai tsiro cikin kashi uku na gero zalla, mu rage tsawon turarawa, samfuran kuma su tafi tare da na uwar iri a awon watan Yuni.